Tattabarun Mai Faci Ba Sa Ɓatan Hanya

Shekara goma sha tara Mai Faci ya yi yana kiwon tattabaru a saman rufin gidan da yake haya, bai taɓa cin tsere ko sau ɗaya ba. Da rana yana bakin titi yana liƙe tayoyi, hannu baƙi ƙirin, baya na ciwo. Da la'asar ya hau tsani da ƙyar, ya share akurki, ya canza ruwa, ya watsa hatsi, sannan ya zauna a kan wata tsohuwar taya yana kallon tsuntsayensa suna shawagi.

Ranar tsere, masu kiwo kan zuba tsuntsaye a kwanduna, mota ta kai su nesa, a sake su lokaci guda. Wanda nasa ya riga sauka gida shi ya ci, kuma masu hannu da shuni rububin 'yan shilarsa suke yi. Na Mai Faci kuwa sai an gama murna an watse suke isowa, in ma sun iso.

"Mai Faci, naka sun tsaya faci a hanya ne?" haka abokan kiwo ke tsokanarsa.

A gida ma bai tsira ba. Matarsa takan ce, "Baban yara, da kashin tattabara kuɗi ne, da tuni mun gina bene." Ya daɗe yana dariyar wannan magana. Wata rana ta faɗa, ya nemi dariyar ya rasa. Ya gaji da faci, ya gaji da zuwa na ƙarshe, kuma gajiya ce ta sa ya karɓi kwatancen wani boka daga bakin wani mai mota da ya kawo masa taya.

Da tsakar rana ya je. Ɗakin yana bayan wani injin niƙa da aka daɗe da rufewa, ba taga, ƙofar sai an sunkuya. An lulluɓe bangon da jan ƙyalle da ya dafe da hayaƙi. A tsakiya ga wata tukunya baƙa a kan duwatsu uku, babu wuta a ƙarƙashinta amma tana huci. Daga rufi an rataye busassun fukafukai da takalma ƙafa ɗaiɗai, na manya da na yara. Wani tsoho siriri yana zaune a kan buzu yana murza wani abu a ƙwarya.

"Kai ne mai tsuntsaye," in ji bokan, bai ko ɗago ba. "Warin akurki ya riga ka shigowa."

"Na gaji ne, Baba."

"Kowa da gajiya yake shigowa nan. Gaya mini, me ke dawo da tattabara gida?"

Wannan kam Mai Faci ya sani. "Bege ne. Shi ya sa kafin tsere muke raba namiji da matarsa kwana bakwai, mu nuna masa ita ta cikin waya, sannan mu jefa shi kwando. Da an sake shi, wurinta zai nufa."

"To begen tsuntsu nawa yake? Zuciyarsa ba ta kai kan yatsanka ba. Zan ƙara musu wanda ya fi nasu."

"Nawa zan bayar?"

"Riƙe kuɗinka."

Mai Faci ya ja da baya. "In jini ne, Baba, ni ban iya ba. Ina da iyali."

"Wa ya ce maka jini? Ko kaza ba za ka yanka ba. Ka share bakin ƙofar gidanka, daidai inda kowa ke takawa in ya dawo, ka kawo mini ƙurar. Ai kuna ba su tsakuwa don ta niƙa musu hatsi a ciki, ko? A cikinta za ka gauraya."

"Shi begen, daga ina zai fito?"

"Daga inda yake da yawa."

Mai Faci mutum ne da kan tsoma tuf ɗin taya a ruwa sau uku kafin ya yarda babu sauran huda. Amma ranar nan bai ƙara tambaya ba, don yana tsoron amsar ta hana shi. Washegari ya kawo ƙurar a ƙulle cikin takarda. Bokan ya riƙe ta a kan hucin tukunya, ya yi surkulle, ya tofa sau uku, ya miƙo masa ita da ɗumi.

A tseren farko, wani namijinsa mai ruwan toka ya sauka tun waɗanda suka sake su ba su juyo da mota ba. Ya ci na biyu, ya ci na uku. Manyan motoci suka fara tsayawa a lungunsu ana neman iri. Ya rufe rumfar faci, ya saye gidan da yake haya, ya sa aka yi masa matakalar siminti a madadin tsani. Masu tsokana suka koma gaishe shi da hannu biyu.

Bayan tsere na uku mahaifiyarsa, Inna, ta leƙa maƙwabta barkar haihuwa, gida biyu tsakani. Sai bayan kwana uku aka tsinci gawarta a ƙarƙashin wata gada a bayan gari, ƙafafunta sun kumbura da tafiya. Mutane suka ce tsufa ne, yana rikita tunani. Mai Faci ya karɓi wannan magana saboda ta fi sauƙin ɗauka.

Babban ɗansa direban tasi ne, babu lungun da bai sani ba. Bayan tsere na bakwai ya bugo waya. "Baba, na sauke fasinja, amma wallahi ban san ta inda zan juya ba." Da aka je, motar kawai aka tarar, ƙofa buɗe, makulli a jiki. Daga baya wasu suka ce sun gan shi a bakin babban titi cikin tsumma, yana tafe yana leƙa ƙofofin mutane.

Wata safiya Mai Faci ya shigo ya iske matarsa tana ƙulle kayanta a zani. Ta dube shi da ladabi, irin yadda ake duban baƙo.

"Bawan Allah, don Allah ka san hanyar gidanmu? Na bar mijina bai karya ba."

A ɗakin da ta shekara ashirin da biyar tana kwana take wannan tambaya. Ya lallashe ta ta zauna, ya kulle ƙofa da kwaɗo, ya nufi bayan injin niƙa da gudu. Sauran yaran ma duk sun riga sun ɓace, ita kaɗai ta rage masa.

"Abin da tsuntsu ya haɗiye ya zama naman jikinsa," in ji bokan. "Duk dawowar da suka yi daga nesa, begen mutanen gidanka suke ƙonawa. In ka yanka su, ya tafi ke nan har abada. Matarka tana da ɗan saura. Kada su ƙara dawowa daga nesa."

Da ya rufe su a akurki ya haƙura, da wataƙila ta ci gaba da gane shi jefi-jefi. Amma kukansu a saman kansa ya hana shi sakat, ko ganinsu ba ya son yi. Ya sayar da su duka sittin ga masu kiwo na garuruwa masu nisa, ya roƙe su kada su taɓa sakinsu. Suka ce to, suna yi masa kallon wanda ya zautu. Kowane mai kiwo ya san cewa baƙuwar tattabara in ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe sau biyu a sabon akurki, ta zama 'yar gida, ana iya buɗe mata. Shi ma ya sani. Gajiya ta hana shi lissafa cewa haka za su yi.

Wata uku aka samu lafiya. Har ta fara ce masa baban yara wani lokaci. Sai wata la'asar ya ji fukafukai a kan rufi, ɗaya, biyu, sannan da yawa. Sun bar ƙwai da 'yan shila a can sun taho. Ya haura da gudu yana kora su da tsintsiya, suna kauce masa suna shigewa akurki. Da ya sauko, ƙofar gida a buɗe take, kwaɗon yana hannunsa, garin sauri bai mayar da shi ba.

A mararraba kusa da kasuwa ya cim mata, ƙunshinta a ka. Ya riƙe hannunta yana haki.

"Maman yara, zo mu koma gida."

"Ka san hanyar, bawan Allah?"

"Na sani mana."

Ya juya. Titi huɗu ne a gabansa, kowanne da shaguna da mutane, kuma babu wanda ya taɓa gani. Shi ma ta ƙofar da ya share ƙurarta yake shiga kullum. Ya ɗaga kai yana neman tattabaru a sama, ko shawaginsu zai nuna masa rufin. Sama fayau take, duk sun riga sun shige.

Ku da kuka gaji da rashi, ku ji da kyau. Gajiyar halal tana da inda take kwana, kuma akwai mai ce maka sannu da zuwa. Kwaɗayi ba ya sayo komai da nasa, da mutanen gidanka yake biya, kuma boka ba zai gaya maka ba sai ya gama ɗiba. Har yanzu ana ganin su biyun a gari, riƙe da hannun juna, suna tare masu wucewa da tambaya. Maƙwabta masu tausayi kan jawo su har bakin ƙofarsu. Sai su tsaya su dubi gidan, su yi godiya, su ce ba nan ba ne.