Filashin Marigayi

Ana dab da magariba ƙanwarsa ta shigo shagon, jaka a kafaɗa, 'yarta 'yar wata bakwai a goye. Mai gyaran kwamfuta ya riga ya fara tattara kayan aiki, amma wa ya isa ya ce wa Auta ta dawo gobe?

"Yaya, kwamfutar marigayi ce. Ta ƙi tashi," in ji ta. "Duk hotunansa suna ciki. Ba ni da ko ɗaya a wani wuri."

Mijinta ya rasu a haɗari tana da ciki, wayarsa kuma ta salwanta a wurin haɗarin. In dai yarinyar nan za ta san fuskar ubanta, to sai ta cikin wannan kwamfutar.

"Je ki gida, Auta. Aikin minti goma ne."

Haka yake faɗa wa kowa, mutumin da ya taɓa shafe wata guda a kan aikin minti goma. Sai dai wannan karon da gaskiyarsa. Idan manhajar kwamfuta ta mutu, ana ɗora wata 'yar ƙaramar manhaja a filashi, a tayar da kwamfutar daga can, a kwashe abin da ke cikin faifan ajiya. Matsalar ita ce ya ba wani abokin sana'a aron filashinsa tun safe.

Ya laluba jakar marigayin. A ƙaramin aljihu ya ci karo da wani filashi baƙi, ba tambari, ba rubutu, an naɗe shi da zare. Marigayin mutum ne mai son tattara baƙin manhajoji waɗanda ba kowa ya san su ba, sai ya ɗauka irinsu ne.

Duk mai gyara ya san doka: ba a cusa filashin da ba a sani ba sai an cire faifan ajiya. Shi da kansa yake yi wa mutane faɗa a kai. Amma kusoshi takwas ne ke riƙe da murfin kwamfutar, ga duhu na shigowa, ga yunwa. Ya cusa, ya kunna, ya zaɓi tashi daga filashi.

Allon ya yi baƙi. Wasu layuka suka fara gudu, ba boko ba, ba Larabci ba, suna hawa daga ƙasa zuwa sama. Ya taɓa ganin manhajoji masu ban mamaki, amma bai taɓa ganin haruffa suna motsi a inda suke kamar tururuwa ba.

Fankar kwamfutar ta tsaya. Kwamfutar ba ta mutu ba.

A nan ya lura titin ma ya yi tsit. Ba hon, ba ƙarar janaretan maƙwabci. Wani wari ya cika shagon, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da aka tono daga rami mai zurfi.

Hoton farko ya buɗe da kansa. Ranar aurensu ce, marigayin na dariya, Auta a gefensa. Yana kallo, mutumin ya dushe a hankali, har ya rage Auta ita kaɗai tana jingine da iska. Hoto na biyu ya buɗe. A kusurwar allon akwai lamba: ɗari huɗu da goma sha ɗaya. Ta koma ɗari huɗu da goma.

Ya danne madannin kashewa har yatsansa ya yi fari. Ya zare caja. Ya ɓalle batir, ya jefar a ƙasa.

Allon na nan da haskensa.

Ya kai hannu zai fizge filashin, sai lasifikar ta yi ƙara, ƙasa-ƙasa.

"Yaya."

Muryar surukinsa ce sak, har da 'yar dishewar nan tasa.

"Yaya, kar ka cire. Ban gama kwashe kayana ba."

Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi.

"Kai ba shi ba ne," ya faɗa cikin raɗa.

"Da sauran kaɗan na zama shi."

Ɗari biyu da shida.

Ya kama filashin. Sanyinsa ya ƙona shi, kuma ko motsi bai yi ba, kamar wani ya riƙe shi daga ciki. Ƙofa na bayansa a buɗe, taku uku kawai. Ƙafafunsa suna ta roƙonsa ya gudu. Ya tuna yarinyar da ke goye.

Ya kifa kwamfutar, ya ɗauki sukudireba.

Kusa ta farko. Ta biyu. Ƙarfen na ta zamewa. Wani ya ja kujerar da ke bayansa, ya zauna. Ya ji kujerar ta yi ƙara.

Bai waiwaya ba.

Ta biyar. Numfashi mai sanyi a ƙeyarsa.

"Yaya, ina Auta take kwana yanzu?"

Ta bakwai ta ƙi kwancewa. Ya sa sukudireban a ƙarƙashin murfin, ya ɓalle shi da ƙarfi, ya fizgo faifan. Wani abu ya yi ihu a cikin kunnensa. Ya yi waje a guje, takalmi ɗaya, ya faɗi a tsakiyar titi gaban wata mota. Direban ya leƙo yana zaginsa, shi kuwa bai taɓa jin zagi mai daɗi haka ba.

Da safe ya koma da mutum uku. Kwamfutar na kife a kan tebur, filashin babu shi. Tun daga ranar ba ya kai magariba a shago, kuma kusoshi ko ɗari ne sai ya kwance su.

Hotuna tara ya ceto da marigayin a ciki. A dukkansu ya ba da baya, ko ya kau da kai. Auta ta daɗe tana kallonsu, 'yarta na wasa da gefen mayafinta.

"Ba komai, Yaya, in ta girma zan kwatanta mata shi," ta ce. Ta dafe goshi. Da ta ɗago, idanunta sun cika da hawaye. "Yaya, fari ne ko baƙi? Tun jiya nake ta ƙoƙarin tunawa."

Ya buɗe baki zai ba ta amsa. Shekara shida suna cin abinci a kwano ɗaya da mutumin nan, amma ya laluba kansa kaf, bai samu fuskar ba.