Kwamfutar da Aka Jefar a Taki

Bayan isha'i, babbar kwamfutar makarantar da Fatihu ke kula da ita a gefen Minjibir ta soma gargaɗi: wata na'ura tana lalubar ƙofofin shigarta ɗaya bayan ɗaya. Ya toshe ta, ta dawo. Da ya duba lambarta, sai ya ga ai ta matacciyar kwamfutar nan ce da ya jefar bara a tarin takin gonar bayan katanga.

Ya fita da tocila. Warin mushe ya tare shi. Wani tsoho na tsugune a kan takin yana danna madannan matacciyar kwamfutar, tsutsotsi na zubowa daga hannun rigarsa.

Fatihu ya toshe hanci. "Baba, lafiya?"

"Saura ƙofa ɗaya," in ji tsohon, da muryar Fatihu.