W Biyu a Takardar Auta

Abin da Auta ta fara gani da ta buɗe ido shi ne fuskar wani saurayi a sunkuye a kanta, da kofin ruwa a hannunsa. A ƙasa take kwance, a tsakiyar ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, mayafinta sharkaf, 'yan ajinsu sun yi mata zobe. Ɓera ne fa kawai malami ya tsaga a kan tire, jinin bai cika cokali ba, sai ga Auta ta zube.

Saurayin ma'aikacin ɗakin ne, mai wanke kayan aiki da jera su. Ya kori 'yan kallo, ya ce a hankali, "Sannu, Jaruma. Tashi ki zauna, ba a kanki aka fara ba."

Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Don kuwa Auta 'yar mahauci ce, kuma tun tana ƙarama Baba yake kiranta Likita a gaban masu sayen nama. A gida ba wanda ya taɓa lura tana tsoron jini, saboda ita 'yar boko ce, ba a aikenta rumfa, ba a sa ta gyaran nama.

A makon nan ta janye daga kwas ɗin. Shekara ta zagayo ta sake ɗauka, tun kafin a ɗaga wuƙa ta fita da gudu, ta sake janyewa. Jami'a kuwa ba ta mantuwa: duk janyewa sai ta bar harafin W a takardar sakamako. Ga su nan biyu, reras.

Saurayin ne ya tare ta a baranda, ya ce in tana so ta riƙa zuwa bayan an tashi. Da wankin tire ta fara, ta koma tsayawa daga bakin ƙofa tana leƙe, har ta kai ga riƙe almakashi, shi yana gefe da kujera ko da za ta sume. A karo na uku ta cinye kwas ɗin da maki mafi girma. Kafin nan kuwa zukata sun riga sun yi nisa. Ita Mai Ruwa take ce masa, shi kuma bai sauya mata suna ba.

"Jaruma, yau kin tsaya da ƙafafunki har aka gama. Ni ne ma na kusa zubewa saboda kallon da kika yi mini."

"Mai Ruwa, ka ji tsoron Allah ka bar ni in yi karatu. Amma gobe ma zan kalle ka."

Da ya je gaishe da Baba, an karɓe shi ba yabo ba fallasa. Sharaɗi ɗaya Baba ya kafa, ba maganar aure sai ta shiga makarantar likitanci.

Ana cikin neman gurbin ne yayanta ya ga takardar sakamakon a kan tebur, ya fassara wa Baba ma'anar W. Baba bai tambayi kowa ba, ya yanke hukunci: yaron nan ne ya hure mata kunne ta watsar da karatu. Da Mai Ruwa ya zo da yamma, a ƙofar gida Baba ya tare shi, ya wanke shi tas a gaban maƙwabta, ya ce kada ya sake ganin ƙafarsa. Auta na laɓe a bayan ƙyaure tana jin komai. Kalma ɗaya za ta faɗa a wuce wurin, amma bakinta ya yi nauyi.

"Allah ya huci zuciyar Baba," in ji Mai Ruwa, ya juya ya tafi.

Tun daga ranar abinci ya daina wuce mata. Baba kuma ya fara yabon ɗan wani amininsa mai kantin magani, da safe yabo, da yamma yabo.

Makarantar likitanci ta buƙaci bayani a rubuce kan kowace janyewa. Auta ta zauna ta tsara cewa rashin lafiya aka yi a gida, ita ce mai jinya. Ba ta da fuskar da za ta ba Mai Ruwa haƙuri, sai kawai ta tura masa rubutun wai ya duba mata. Amsa ba ta jima ba.

"Na karanta, Jaruma. Rubutu ya yi kyau, amma wa ya yi ciwo a gidanku? Laifin da Baba ya ɗora mini zan iya ɗauka, kada ki damu. Ke dai kada ki shiga likitanci da ƙarya. Abin da kika yi a ɗakin nan ya fi abin da kika rubuta kyau."

Ta yi kuka har ta gode Allah. Washegari da hantsi, karo na farko da girmanta, ta nufi rumfar Baba. Yana tsaye yana sarar ƙashi, mutane na jira. Ta durƙusa a gefen teburin, ta faɗa masa komai, da ɓeran, da suman, da gudun, da wanda ya tsaya mata har ta daina tsoro. Kanta a ƙasa ta yi maganar, tana jiran a fashe da dariya.

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya ajiye wuƙa.

"Wato yaron nan ya sani, ya tsaya na ci masa mutunci a gaban jama'a, bai buɗe baki ba?"

"Ya sani, Baba. Asirina ya rufa."

Dattijon ya daɗe yana goge hannu da tsumma, hannun da ya riga ya bushe. Daga nan ya bar wa maƙwabcinsa rumfar, ya kama hanyar jami'a da kayan aikinsa a jiki, Auta na bin bayansa. Mai Ruwa na ganinsa a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje ya zube ƙasa yana gaisuwa, Baba ya kama kafaɗarsa ya ɗaga shi.

"Tashi, ɗana, ni ya kamata in durƙusa. A gaban mutane na zage ka, a gabansu zan wanke ka. Ka turo manyanka, na janye sharaɗina."

Auta da Mai Ruwa tare suka sake rubuta bayanin, gajere, ba kwana-kwana: ta ji tsoron jini, ta janye sau biyu, ga yadda ta koyi tsayawa, ga makin da ta samu a ƙarshe. A intabiyu wata dattijuwar likita ta tambaye ta ko yanzu fa. Auta ta ce har yanzu gabanta kan faɗi, amma hannunta ba ya rawa. Matar ta yi murmushi ta rubuta wani abu.

Kafin sakamako ya fito aka ɗaura aure, a ƙofar gidan nan, a gaban maƙwabtan nan, kuma sai da Baba ya miƙe ya cika alkawarinsa kowa yana ji. Da za a tafi da amarya ya dafa kanta.

"Ko sun ɗauke ki ko ba su ɗauke ki ba, ke 'yata ce, kada ki ƙara jin kunyata. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Auta ta riƙe hannunsa da hannu biyu, ta ce amin, Mama na taya ta.