Ku Tsaya a Gabansa

"Kawu, don Allah ajiye kwalin nan."

Bai ko waiwayo ba. Ya ci gaba da kwashe kayan aikin daga kan tebur, filaya da sukundireba da ƙarfen narka dalma, yana watsawa a kwali kamar mai share bola.

"Malama Likita ta iso," in ji shi. Sunan da yake kirana ke nan tun da na shiga makarantar koyon jinya, kuma ba don girmamawa ba.

"Shagonsa ne fa, Kawu."

"Shagon wa? Wanda ake kira ba ya amsawa? Gobe mai gawayi zai shigo. Shi gawayi ba ruwansa da kunne."

Sai da na ciji leɓe. Kawun saurayina ne, ba nawa ba, kuma ana sa ran in sunkuyar da kai in yi shiru. Shirun ne dai ban iya ba.

A shekarar sanƙarau ne wannan ya faru. Asibiti ya cika har aka kafa tantuna a tsakar gida, mu ɗalibai aka fito da mu daga aji aka ce mu riƙe marasa lafiya. A nan aka kawo mini Mai-rediyo a kan ƙyauren ƙofa, wuyansa ya sandare, idonsa ba ya son haske. Wanda aka riga aka yi mana baiko da shi! Ni na lanƙwasa shi na riƙe aka soka masa allura a baya. Na gefensa na dama ya rasu, na hagu ma ya rasu. Shi Allah ya tashe shi.

Ya tashi, amma bai dawo da jinsa ba.

Malamarmu ta sha zana mana abin a allo: ƙwaƙwalwa a sama, laka ta sauko ta cikin ƙashin baya, jijiyoyi sun barbazu kamar saiwar bishiya, kowace da saƙon da take ɗauka. Ciwon ya cinye wadda ke kai sauti daga kunne, ya taɓa wadda ke tsayar da mutum daidai, shi ya sa yake ɗan tangaɗi. Iyakarta ke nan. Amma gidansu suka ga yana tangaɗi, yana magana da ƙarfi, ana tambayarsa gabas yana amsa yamma, sai suka gama hukunci: hankali ya tafi.

Kuma Babana ya ji labari. Da safiyar ranar ya ce mini, "In aka ba da shagon nan, zan mayar musu da kayan baikonsu. Ba zan ba wa wanda ake ciyarwa a baki 'yata ba."

Na bar Kawu da kwalinsa na nufi gida. Rediyon Baba na kan taga an lulluɓe ta da ƙyalle kamar gawa. Tun tsakiyar annoba ta daina magana, kuma ya ƙi kai wa kowa. Na sure ta na fice.

A gidan su Mai-rediyo na tarar da abin da na saba tararwa. Yana zaune a tabarma ya zuba wa bango ido, Mamansa ta durƙusa a bayansa, ta manna baki a kunnensa tana ƙwala masa kira.

"Ka ci abinci? Na ce ka ci abinci?"

"Ba na jin sanyi," in ji shi.

Ta saki hannuwa. "Kin gani ko? Haka muke fama..."

"Mama, ba ya ganin bakinki."

"Da baki ake ji ko da kunne?"

"Kunnen ne ya tafi, Mama. Ko kin fasa maƙogwaro ba abin da zai shiga. Na faɗa muku, ku riƙa tsayawa a gabansa."

"Yau kuma ni za a koya wa magana da ɗana." Ta miƙe tana karkaɗe zane. "Yarinyar nan ko kunyar gidan miji ba ki da ita. Ƙaddara ce ta same mu, mun karɓa."

Wannan kalmar ta fi komai ƙona mini rai. Ƙaddara ta ɗauki jijiya ɗaya, su kuma suna nema su binne sauran mutum gaba ɗaya, sannan su ce sun yi haƙuri.

Na zagaya na durƙusa a gabansa, inda haske ke dukan fuskata, na ajiye rediyon a tsakaninmu. Idonsa ya sauka a bakina. Ni kaɗai nake masa haka, kuma a hankali ya fara kama maganata.

"Mai-faɗa," ya ce, da ɗan murmushi. "Da wa kika yi yau?"

"Da kowa. Saura kai."

Ya dubi rediyon, murmushin ya gushe. "Me zan yi da wannan?"

"Gyara."

"Ki daina, don Allah. Ta yaya zan san ta gyaru? Ba zan ji ba."

"Kai ka koya mini," na ce, ina furta kowace kalma a sarari. "In waya ɗaya ta tsinke, zubar da rediyo ake yi?"

Ya kau da kai. Na sake zagayawa na tare idonsa.

"Kada ka juya mini baya! Kawu na kwashe shagonka. Baba zai mayar da kaya."

Wannan ya kama ta sarai.

"Wataƙila ya fi miki," ya ce a hankali. "Farin cikina, ki auri mai jin muryarki..."

"Masu jin muryata duk gudu suke yi. Tashi."

Dariya ta kuɓuce masa, irin wadda ban ji ba tun kafin tanti. Ya dafa bango ya miƙe.

Muka fito titi yana rungume da rediyon, yana ɗan karkacewa, Mama na biye da mu tana salati. Kawu ya gan mu ya riƙe ƙugu.

"To, an kawo majinyaci ya yi ban kwana da shago?"

Mai-rediyo bai ji ba, ya fi masa. Ya tsugunna ya tono kayansa daga kwalin ɗaya bayan ɗaya, ya jera su yadda ya saba, ya kunna ƙaramin murhun da yake gasa ƙarfen dalma. Ya kwance bayan rediyon ya leƙa ciki.

Muna nan tsaye sai ga Baba ya shigo yana huci.

"Wa ya ɗauki rediyona?"

"Ni ce, Baba."

"Na sani ai. Wa kuma zai..." Bai ƙarasa ba, don ya ga hanjin rediyonsa a waje. "Innalillahi. Kin kashe ta."

"Da ma a mace take, Baba."

Warin dalma ya cika shagon. Mai-rediyo ya mayar da batir, ya murɗa. Sai ƙara ta tashi, shuuu, da wata murya can ƙasa kamar daga rijiya.

"Ta yi!" in ji Kawu, ya manta da kansa.

Amma shi bai ɗago ba. Ya ɗora yatsunsa huɗu a kan ƙyallen da ya rufe lasifika, ya lumshe ido.

"Ba ta yi ba," ya ce. "Tana kaɗawa kamar ƙuda a kwalba."

Ya murɗa kaɗan, yatsun na nan inda suke. Ya sake murɗawa. Ƙarar ta lafa, muryar ta fito tar.

"Yanzu ta zauna. Magana ce, ba kiɗa ba." Ya ɗan dakata. "Namiji ne. Yana tsayawa yana ci gaba... labarai yake karantawa."

Labarai kuwa ake karantawa. Ni da na zo da jawabi cike da baki game da jijiyoyin yatsa, na rasa ta inda zan fara.

Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce wa Kawu, "Ka je ka ba mai gawayi haƙuri." Ya ɗauki rediyonsa ya manna a ƙirji, ya kai bakin ƙofa, ya juyo gare ni. "Ke kuma ki rage faɗa kafin ranar auren. Shi ya huta da ji, amma maƙwabta fa?"

Na share hawaye da bakin mayafi.

Mama ce ta motsa. Ta nufi bayansa kamar kullum, har ta sunkuya wajen kunnensa, sai ta tsaya. Ta dube ni. Ban ce komai ba, karo na farko a rayuwata.

Ta zagaya teburin a hankali ta tsaya a gabansa. Ta ɗago haɓarsa da yatsa. Muryarta ma ba ta fito ba, leɓunanta kawai suka motsa.

Ya zuba musu ido.

"Ban ci ba, Mama," ya ce. "Yunwa nake ji."

Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa, ta kasa barin gabansa.