Baƙin Da Aka Zana Kan Hakiya

"Ba zan koma asibiti ba sai sun zo sun tafi," in ji Auta, tana danne idon hagu da gefen mayafi.

Yayarta ta janye mata hannu. Idon ya yi jawur, fatar ta kumbura, ruwa mai kauri na bin kumatu.

"Ido ne fa, Auta, ba ɗinki ba da za ki farke ki sake."

Idon nan tun tana ƙarama ba ya gani, hakiya ta rufe shi fari fat. Mai walda da ke kusa da shagon ɗinkinta a haka ya gan ta, a haka ya so ta. Amma da ya ce mahaifiyarsa za ta zo ganinta, sai ta je wurin likitan ido, ya zana mata baƙi da allura a kan farin, don ya yi kama da ɗayan. Ya gargaɗe ta: ban da kwalli, ban da murzawa, in ya yi zafi ta dawo a ranar, don jinkiri kan kai ga cire ido. Da ta koma gida ta dubi madubi, ta ce saura kwalli, ta kuma sa shi. Wauta ce, ba ta da wani suna.

Yanzu tsoronta a naɗe idon da bandeji, baƙi su tarar da ita haka.

Suka zo. Auta ta durƙusa ta gaida Mama, mahaifiyar mai walda, kai a ƙasa, hawayen zafi na ɗiga kan tabarma.

"Ɗago, 'yata... Ina farin da yaron nan ya ishe ni da labarinsa?"

Auta ta fashe da kuka. Mai walda daga bakin ƙofa ya ce, "Haba rabin raina, ni na ce miki ina neman wani ido?"

Mama ba ta ko taɓa ruwan da aka kawo mata ba. Ta ce ya nemo mota.

Likita ya yi faɗa sosai, ya kankare wurin da ya ruɓe, baƙin ya tafi tare da shi. Ƙwayar idon ta tsira da ƙyar.

Ranar da aka kwance bandeji, farin ya dawo, har ya fi da. Auta ta kai hannu za ta rufe, Mama ta riƙe hannun.

"Bar shi. Wannan ce surukar da na zo gani."