Ayisin Yaya Ya Ƙone

Akwai wata yarinya da babanta mai gyaran waya ne. Da aka sa gasar ƙirƙira a makarantarsu, ita da ƙanenta Auta suka ce kowa zai haɗa fawa bank nasa, wato ɗan akwatin ajiye cajin waya.

Baba ya zaunar da su a shago. Ya ba kowa ƙaramin allon lantarki, da batir, da ayisin caji, wani ɗan baƙin abu da bai fi ƙwayar wake ba.

"Ayisin nan shi ke ba batir wuta," in ji Baba. "Wannan resistan da ke gefensa shi ke gaya masa yawan wutar da zai bayar. Kada wanda ya canza shi."

Suka duƙufa da liƙi da dalma. Can sai jar fitilar allon Auta ta kama, alamar caji ya fara shiga.

"Kai, Auta, hannunka ba ya rawa!" in ji Baba, yana shafa kansa.

Kishi ya kama yarinyar. Auta fa! Yaron da ita ta koya masa ɗaure igiyar takalmi! Tata fitilar ma ta kama daga baya, amma ko kallonta ba ta yi ba.

"Ja ai ba komai ba ce," ta ce tana murguɗa baki. "Mu ga wanda batirinsa zai riga cika, fitilarsa ta zama kore."

Da Baba ya fita duba wayar wani mutum, sai ta cire resistanta. Ta liƙa wani wanda zai saki wuta da yawa, don batirinta ya riga cika.

Ba a jima ba ƙauri ya tashi.

"Baba! Allon Yaya yana hayaƙi!" Auta ya ƙwala ihu.

Baba ya shigo da gudu, ya fizge wayar caji. Ayisin ya riga ya ƙone ƙurmus.

"Wa ya taɓa resistan nan?"

Ta sunkuyar da kai. "Ni ce, Baba. So na yi in riga Auta."

"Kin san in batirin ya yi zafi zai iya kama wuta? Kuma ba ni da wani ayisin, ga gasa gobe."

Ta fashe da kuka. Kunya ta kama ta, ga baƙin ciki.

Auta ya ja gefen mayafinta. "Yaya, mu kai nawa tare mana. Ni ban iya yi masa gida ba. Kuma in na ga alƙalai, bakina mutuwa yake."

Ta share hawaye, ta ce, "Ka yafe mini, Auta."

Ta yanka roba, ta yi wa fawa bank gida mai kyau. Washegari ita ta yi bayani a gaban alƙalai. Da suka yaba liƙin, ta ɗaga hannun Auta sama.

"Ƙanena ne ya liƙa," ta ce da ƙarfi. "Ya fi ni iyawa."

Suka zo na biyu, suka koma gida suna tsalle. Tun ranar ta gane cewa kishi ɓarna yake jawowa. In ɗan'uwanka ya iya abu, ka taya shi murna, ku haɗa hannu.