Awa Shida da Minti Goma

Ana kiran sallar magariba tasi ta sauke kuku a ƙofar gidansa, da akwati ɗaya da ledar tsaraba. Shekara biyu ya yi yana girki a wani otal a ƙasar waje. Ba hutu ne ya dawo da shi ba, gudu ne.

Kwana tara kafin nan, wata baƙar kyanwa da ta haihu a bayan kicin ɗin otal ta sace masa kifi. Ya kore ta, ta dawo. Zuciya ta ɗebe shi, ya sauke tukunyar tafasasshen ruwa ya sheƙa wa 'ya'yanta uku a cikin kwalinsu. Uwar ba ta gudu ba. Ta zauna tana kallonsa har kukansu ya ɗauke.

Tun daga ranar, duk inda ya juya sai warin dafaffen gashi. In ya rufe ƙofa sai ya ji ana yakushinta. Ya duba a waya: daga filin jirgin can zuwa na gida kilomita dubu huɗu da ɗari bakwai ne, ga teku a tsakani, awa shida da minti goma a sama. Ya sayi tikiti, har yana yi wa abokin aikinsa barkwanci cewa ko mece ce, ba ta da fasfo.

Matarsa ta tarye shi da murna, ta karɓi akwatin, sannan ta yi ƙorafin bai gaya mata za su yi baƙuwa ba. Baƙuwar ta iso tun hantsi, ta ce tare suke aiki. Tana kicin da ƙaramar 'yarsu, yarinyar ta ƙi sauka daga hannunta.

Tun hantsi. Daidai lokacin da jirginsa ya tashi.

Ya nufi kicin. Warin ne ya fara tarbarsa. Sai ƙarar ruwa yana tafarfasa.

Wata siririyar mace ce cikin baƙin mayafi, tsaye gaban murhu. Babbar tukunyar gidan tana kan wuta. Yarinyar tana barci a kafaɗarta.

"Sannu da hanya," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ka sha zama a sama kana murna. Ni taku ɗaya na yi."

Ya so ya yi addu'a, harshensa ya yi nauyi.

"Don Allah, baiwar Allah," ya ce da ƙyar. "Ba ta san komai ba."

"Nawa 'ya'yan sun sani?"

Ta ɗaga yarinyar saitin tururin.

Bai yi tunani ba. Ya tsoma hannunsa na dama cikin tukunyar har gwiwar hannu. Ya datse haƙora don kada ihu ya tashi yarinyar.

Matar ta matso har yana jin numfashinta. Ta fara ƙirgawa a hankali, tana jan kowace kalma.

Ɗaya.

Biyu.

Bai ji na ukun ba.

Matarsa ce ta same shi sheme a ƙasa, yarinyar na zaune gefensa tana kuka, ko ƙwarzane babu. Ba kowa a kicin, tagar kuma a kulle take ta ciki.

Likitoci sun ceto hannun, amma yatsu uku sun ƙanƙance, ko cokali ba sa riƙewa. Girki ya ƙare masa, yanzu gadi yake yi a wata makaranta. Yarinyar ta girma lafiya, tana zuwa wurin kowa. Shi kaɗai ne in ya miƙo hannu zai ɗauke ta, sai ta ja da baya, ta zauna tana kallonsa.